Yadda Ake Zanen Shafin Littafi Irin Na Farisa

Littafin Shahnama, wato waƙar tarihin sarakunan Farisa, da aka yi wa Shah Tahmasb, sarkin Iran, a birnin Tabriz, wanda aka fara a shekarun 1520, zane 258 ne a cikinsa. Nemi hoton shafi guda a intanet ka buɗa shi a waya iya buɗawa. Abin da ka ɗauka ɗigo ne, sai ka tarar ganye ne har da jijiyarsa, launi kuma shimfiɗe yake sumul, ba sawun buroshi ko ɗaya. Masu koyo da yawa suna zaton sirrin yana ga tsadar fenti, sai su kashe kuɗi su shafa a ɗanyar takarda, aikin ya fito dishi-dishi. Sheƙin nan daga gyaran takarda yake zuwa, da shafa launi siriri-siriri, da guga, da bin matakai a jere ba tsallake.

Abin da za mu zana ɗan lambu ne, tsawo santimita 15, faɗi 10: sama ta zinariya, tudu mai duwatsu, doguwar bishiyar sarwu mai tsinin kai, wata bishiya mai fure, da rafi. Da gangan na zaɓi lambu. Duk dabarun sana'ar suna cikinsa, kuma wanda ba ya zana mai rai saboda karatun da ya samu wajen malamansa zai kammala shi ba tare da ya sa mutum ko tsuntsu ba.

Kayan aiki

Takarda ita ce ta farko. Nemi ta auduga, irin ta masu zanen kalar ruwa, mai santsin fuska, nauyin giram 200 zuwa 300 a kowace murabba'in mita. Mai ƙurji-ƙurji ba ta yi, don siririn layi yana tsinkewa a kanta. Idan ba ka samu ba, farin kwali mai kyau marar sheƙin roba zai yi maka na koyo.

Sai ƙaro, wanda shi ke riƙe launi a jikin takarda. A nan mun ci sa'a, domin ƙaron dakwara da ake haɗa tawadar allo da shi, shi ne dai wanda ake fitarwa daga Sudan da Chadi da arewacin Nijeriya zuwa masana'antun fenti na duniya. Zaɓi fari tas, mai haske, marar ɓawo.

Buroshi uku sun isa: mai faɗi na shafa sitaci, matsakaici na cika launi, da ɗan siriri mai lamba 0 ko 00 na jan layi. Sadiƙi Beg, mai zanen fadar sarakunan Safawiyya na Iran, ya bayyana a littafinsa Ƙanunus Suwar yadda ake haɗa buroshi da gashin wutsiyar kurege, a ɗaure a zura cikin bututun gashin tsuntsu. Wasu da gashin ɗan kyanwa suke yi. Na kanti ma yana yi, muddin ka gwada shi kafin ka biya: jiƙa shi, ka yarfe, idan bakin bai haɗu ya zama tsini ɗaya ba, mayar musu da abinsu.

Magogi: dutsen aƙiƙ mai santsi shi ne na asali. In babu, bayan cokalin ƙarfe marar tabo, ko gindin ƙaramar kwalbar turare, ko babban wuri. Kana kuma buƙatar abin da za ka ɗora takarda a kai lokacin guga, gilashi mai kauri ko tayil mai santsi.

Launi kuwa sai mun ɗan tsaya. Mutanen da suna samun shuɗi daga dutsen lazawardi na Badakhshan a Afganistan ta yau, ja daga ma'adinin zaiba, ruwan goro da fari daga dalma, rawaya daga wani ma'adini da ake kira zarnik, kore daga tsatsar tagulla. Ban da shuɗin, duk waɗannan guba ne, kada ka neme su. Sayi gwash, wato fentin ruwa mai rufewa, ƙananan tub shida: fari, shuɗi, ja, rawaya, ruwan ƙasa, kore. In ba ka samu gwash ba, samu kalar ruwa ta yara mai kyau ka gauraya ta da ɗan farin fentin fosta. Fentin akirilik kam ajiye shi gefe. Roba ne, in ya bushe ba ya karɓar guga, magogi sai ya kama shi ya yage.

Saura: sitacin shinkafa ko na alkama, ganyen shayi ko lalle, zuma, takarda mai shara-shara ta kwafe zane, allura, garin gawayi, fensir mai tauri, rula, salatif na takarda, murafun kwalba na dama launi, da zinariya, wadda bayaninta na zuwa.

1. Rina takarda

Masu littattafan Farisa ba sa son farar takarda fat. Suna rina ta da lalle ko za'afaran da makamantansu, don ido ya huta, launi kuma ya zauna. Dafa shayi mai ƙarfi, ko ka jiƙa lalle ya kwana ka tace da tsumma mai laushi. Zuba a faranti mai faɗi, ka nutsa takardar gaba ɗaya, ka ɗaga ta gefe guda ruwan ya tsiyaye, ka shanya a inuwa. Kada ka shafa da buroshi, zai bar zane-zane. Launin hauren giwa ake nema. Rina guda biyar ko shida lokaci ɗaya, domin za ka buƙaci na gwaji.

2. Shafa sitaci da guga

Wannan mataki ne ake tsallakewa, shi ne kuma ginshiƙin aikin. Farisawa suna kiran wannan shafin ahar. Dama cokalin shayi biyu na sitaci a kofi ɗaya na ruwan sanyi, ka ɗora a wuta kaɗan kana juyawa har farin ya tafi ya koma garai-garai. Sauke, ya huce, ka tace. Ya zama yana zuba daga cokali zirr, ba ya yin gudaji. Manne gefen takardar a katako da salatif, ka shafa siriri daga sama zuwa ƙasa. In ta bushe, ƙara shafi na biyu daga dama zuwa hagu. Shafa bayanta ma sau ɗaya, in ba haka ba za ta nannaɗe.

Bar ta ta huta aƙalla mako guda a ƙarƙashin littafi mai nauyi. Da damina ka tabbatar ta bushe ƙayau kafin ka danne ta, don sitaci mai laima yana yin fumfuna.

Sannan guga. Ɗora ta a gilashi, ka riƙa murza magogi da ƙarfi, layi kusa da layi, tsaye sannan kwance. Wanda ya san yadda masu bugu a Kano suke fito da sheƙin rini ya san abin da ake nema: a danne zaren har fuskar ta haɗe ta ɗauki haske. Karkata takardar wajen taga. Duk inda ka ga dusashe, wurin bai samu magogi ba. Share gilashin kafin ka fara, domin ƙwayar yashi ɗaya a ƙarƙashi za ta bar maka rami da ba ya gyaruwa.

Gwada a gefe: ja layi da tawada. A takardar da ta gyaru layin zai tsaya siriri bai baje ba, kuma in ka goge shi nan take da jiƙaƙƙen auduga zai fita kusan duka.

3. Haɗa ruwan ƙaro da launi

Daka ƙaro, awo ɗaya na ƙaro awo biyu na ruwan ɗumi, ka bar shi ya kwana biyu ya narke, ka tace. Ɗiga zuma kaɗan, kamar ɗigo biyar a rabin kofin shayi, don kada launi ya tsage. Zuma in ta yi yawa launi ba ya bushewa, ga kiran kiyashi. Haɗa kaɗan-kaɗan, yana tsami da wuri.

Gwash da ƙaronsa yake zuwa, ruwa kawai za ka ƙara. Amma wasu launuka gara ka haɗa da hannunka. Baƙi: tara hayaƙin fitilar aci-balbal a bayan faranti, ka kankare, ka murje da ruwan ƙaro. Ruwan ƙasa da ja-ja: samu jar ƙasa mai laushi, ka dama a kwalba, ka jira yashi ya kwanta, ka tsiyaye ruwan saman a wata kwalba ya kwana. Laka mai laushin da ta zauna a ƙasa ita ce launinka. Shuɗi: garin bular wanki ɗan'uwan lazawardi ne da ake haɗawa a masana'anta tun shekarun 1820, sai dai ka wanke shi kamar yadda ka yi wa jar ƙasa, don akwai gauraye a ciki. Murje kowane gari a kan gilashi da gindin kofin gilashi har ka daina jin ƙaras-ƙaras. Kurkum kada ya ruɗe ka da kyan rawayarsa, haske na cinye shi cikin ɗan lokaci.

Kowane launi gwada shi a guntun takarda. In ya bushe murza da yatsa. Ya biyo yatsa, ƙaro ya yi kaɗan. Yana ƙyalli kuma ya tsage da ka lanƙwasa takardar, ƙaro ya yi yawa.

4. Tsara zanen

Ilimin da kake buƙata a nan kaɗan ne, amma in ka saɓa shi aikin ya tashi daga na Farisa. Mai kallo kamar yana bisa soro ne yana hango ƙasa. Abin da ke nesa sama ake ɗaga shi a shafi, ba a ƙanƙanta shi. Babu inuwa a ƙasa, babu gefen da rana ta fi haskawa. Ko dare ne, sama kawai ake yi wa shuɗi mai duhu da taurari, komai na ƙasa yana nan da launinsa. Tudu yakan hau har kusan kashi uku cikin huɗu na shafin, sama ta samu ɗan abin da ya rage. Gajimare mai nannaɗe da duwatsu masu kumbura daga zanen Sin suka shigo, zamanin da Mongol suka mulki Iran a ƙarni na 13 da na 14.

Kafin ka ƙirƙiri naka, kwafa. Haka almajiran wannan sana'a suka koya. Gidan tarihi na Metropolitan a New York yana da shafi 78 na waccan Shahnama, hotunansu na nan kyauta a shafinsu na intanet. Don tsarin wuri da natsuwar launi, duba aikin Kamaluddin Bihzad na Herat, musamman zanensa a littafin Bustan na Sa'adi na 1488 da ke ɗakin littattafai na ƙasa a Alƙahira. Don duwatsu da bishiyoyi, ni ban ga wanda ya kama ƙafar mai zane Sultan Muhammad ba a shafin fadar Sarki Gayumars na waccan Shahnama. Ɗauki bishiya daga nan, dutse daga can, ka tsara a takarda mai shara-shara. Duk gogewa da gyara a nan za ka yi su, kada roba ta taɓa takardar da ka sha wahalar gugarta.

Yanke shawara tun yanzu ko kan sarwu zai ɓullo waje da layin gefe. Suna yawan yin haka, kuma yana ba shafi rai. Idan kana son baiti a ciki, ware masa akwati, ka rubuta shi kafin zane. A ɗakunan littattafan sarakuna ma marubuci ne ke fara aiki, ya bar wa mai zane fili.

5. Sauke zanen a takarda

Ɗora takardar shara-sharan a kan tsumma, ka bi layukan da allura kana hudawa kusa-kusa. Ƙulle garin gawayi a ɗan ƙyalle. Aza mai hudar a kan takardarka, ka riƙa buga ƙullin a hankali. In ka ɗaga za ka ga zanen ɗigo-ɗigo. Bi ɗigon da siririn buroshi da tawada mai ruwa sosai, ja-ja ko toka-toka, in ta bushe ka kaɗe gawayin da gashin tsuntsu. Mutanen da da fatar barewa da aka kankare har ta yi shara-shara suke wannan. In allura ta gundure ka, shafa fensir a bayan takardar kwafen ka bi ta sama, amma kada ka danna, don kwarin da fensir ya yi ba ya cikewa.

Daga nan shafa farin launi mai ruwa-ruwa a duk filin zanen, siriri yadda layukan za su riƙa lekowa. In ya bushe, kifa takardar a gilashi ka goge ta baya.

6. Zinariya

Bayan wancan siririn farin, ita ake fara sawa kafin kowane launi, saboda tana buƙatar guga ta gaba, magogi kuma zai ɓata launin da ke kusa. Idan kana da halin sayen ganyen zinariya na gaske, sa ɗigon zuma a farantin tangaran, ka ɗora ganyen ɗaya bayan ɗaya kana murzawa da yatsa. Aikin yana cin lokaci, sa'a guda ba ta yi yawa ba. In ka daina ganin ɓarɓashi mai walƙiya, zuba ruwa, ka juye a kofi, ka bari ta kwanta, ka tsiyaye. Maimaita har zumar ta fita, sannan ka sa ɗigon ruwan ƙaro ɗaya tak. Ƙaro in ya yi yawa, ko ka kwana kana guga ba za ta yi haske ba.

Mai koyo ya fara da gwash mai ruwan zinariya. Shafa rawaya mai ƙasa-ƙasa a ƙarƙashi tukuna, sannan zinariyar shafi biyu. Ba za ta kai ta gaske ba, amma za ka koyi hannu ba tare da fargabar asara ba. Bari ta bushe sarai, ka aza takarda mai santsi a kai ka fara guga ta samanta, daga baya ka goga kai tsaye a hankali.

Rafi da azurfa suke yin sa, shi ya sa a tsofaffin shafuka za ka ga ruwa baƙi ƙirin, azurfar ce ta yi tsatsa. Kai yi naka da toka-toka mai ɗan shuɗi.

7. Cika launi

Kowane fili launi ɗaya, shimfiɗe, ba duhu ba haske. Kusan kowane launi ana ɗan sa masa fari don ya rufe. Dama wanda zai ishe ka filin gaba ɗaya, domin in ya ƙare a tsakiya da wuya ka sake haɗa irinsa. Tsarma shi yadda shafin farko ba zai rufe ba, har ka ji kamar ka ɓata aikin. Haka ake so. Cika buroshi, ka ja launin daga gefe guda zuwa ɗayan kana tura jiƙaƙƙen bakin gaba, kada ka koma inda ka wuce. Ya bushe, ka ƙara na biyu, wani lokaci na uku. Shafi ɗaya mai kauri yana tsagewa, kuma yana ɓarewa a ƙarƙashin magogi.

Fara da manyan filaye: tudu, ciyawa, rafi, sannan duwatsu da bishiyoyi. Kada tsoro ya sa ka yi dutse ruwan ƙasa. A wannan zane dutse yana iya zama shunayya mai haske, ko ruwan hoda, ko shuɗi-shuɗi. Launin da ka sa a sama, nemo masa ɗan wuri a ƙasa ka maimaita, ido ya riƙa zagaya shafin. Bar ɗan siririn fili tsakanin launi biyu masu laima, layi zai rufe shi daga baya.

Da hunturu launi yana bushewa a bakin buroshi kafin ka kai takarda, ga ƙura. Yi aiki da sassafe, taga a rufe, ka kifa faranti a kan zanen duk lokacin da ka tashi. Ajiye takarda mai tsabta a ƙarƙashin hannunka kullum, gumi da maiƙon hannu suna hana launi kamawa.

Bayan kowane shafi ya bushe, kifa a gilashi mai tsabta ka goge ta baya. A nan ne launi yake shiga jikin takarda ya yi santsin nan.

8. Jan layi

Yanzu siririn buroshi. Kowane abu ana zagaye shi da launinsa mai duhu: ganye da kore mai duhu, dutse shunayya da shunayya mai duhu. Zagaye komai da baƙi shi ne kuskuren da na fi gani, yana kashe shafi. Riƙe buroshi a tsaye, ɗan yatsanka ƙarami a ƙasa, ka ja zuwa wajenka. Takarda za ka riƙa juyawa, hannunka na nan inda yake. Layi yana farawa siriri, ya ɗan yi kauri a tsakiyar lanƙwasa, ya ƙare siriri. Dubi zanen Riza Abbasi na Isfahan, wanda ya rasu a 1635, ka ga iyakar abin da layi guda zai iya. Kafin ka taɓa zanen, cika guntun takarda da layuka har hannu ya saki. Kada ka gyara bakin buroshi da leɓe, mirgina shi a takarda.

9. Fardaz

Da wannan ake ba abu jiki ba tare da inuwa ba. Tsarma launi mai ɗan duhu fiye da na filin har ya kusa zama ruwa. Tsoma buroshi, ka share a tsumma har ya kusa bushewa. Sai ka riƙa ajiye ƙananan layuka ko ɗigo, kusa da juna amma ba sa haɗuwa, suna bin lanƙwasar abin. Su yi yawa a gefen dutse, su riƙa raguwa zuwa tsakiya har su ɓace. In kana ganin layukan ɗaya-ɗaya daga nisan hannu, launin ya yi duhu ko buroshin ya yi ruwa. Dutse guda yana iya cin yini, kuma ba a gaggauta shi. In ido ya fara yaji, tashi.

Bayan fardaz sai ƙananan abubuwa: tsirrai a warwatse bisa tudu kowanne da furensa, tsakuwa a bakin rafi, siraran layukan ruwa da fari. Furen bishiya da farin launi mai ɗan kauri ake ɗiga shi a ƙarshe, kuma daga nan ba sauran guga mai ƙarfi, don kada ya baje. Mai son sa mutum, fuska ita ce ta ƙarshen ƙarshe, a ɗan karkace, da layi ja-ja.

In ka yi kuskure, kada ka murza. Ɗiga ruwa da buroshi mai tsabta, ka danna auduga ta tsotse, ya bushe, ka sake shafawa. Sitacin da ka sa tun farko shi ke ba ka wannan dama.

10. Layin gefe

Jadawali ake ce masa. Manna kwabo biyu a ƙarƙashin rula don bakinta ya ɗaga daga takarda, in ba haka ba tawada za ta bi ƙarƙashi ta malale. Da alƙalamin jan layi na masu zanen gini ake yi, in babu, fere alƙalamin kara siriri. Fara da zinariya mai faɗin milimita biyu, ka goge, ka rufe ta da siririn baƙi ciki da waje, ka bar ɗan fili, sannan shuɗi daga waje. Tsaya da layin inda kan sarwu ya ɓullo, ka ci gaba a ɗaya gefen. Bari kowane gefe ya bushe kafin ka juya rula.

Idan kana son gefen shafi mai yayyafin zinariya, rufe zanen da kwali, ka tsoma tsohon buroshin haƙori a zinariya mai ruwa, ka karce shi da yatsa daga nesa. Gwada a wata takarda tukuna.

11. Ajiya

Wannan launi har abada ruwa na narkar da shi, kuma ba a shafa masa banish. Sa shi tsakanin takardu biyu masu tsabta a cikin kwali mai tauri, nesa da rana da laima. Kyankyaso da gara suna son sitaci da ƙaro, don haka kada ka ajiye a ƙasa ko jikin bango, ka riƙa dubawa da damina. In za ka sa a firam, a yanka kwali mai taga a sa tsakanin zanen da gilashi, don in suka haɗu zufar gilashi za ta manne launin ta ɗauke shi.